Na amsa kiran Allah, amma halina bai canja ba

Tambaya: "Baba Fasto, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni malamin firamare ne a Kudancin Kaduna, shekaruna 34, ina da mata da 'ya'ya uku. Shekara huɗu da suka wuce, a babban taron matasa, mai wa'azi ya ce duk wanda ya ji Allah yana kiransa ya fito gaba. Na fito, na yi kuka, tun ranar ban ƙara sa giya a bakina ba. Amma Baba, zafin zuciyata yana nan. Ina yi wa matata tsawa a gaban yara. In albashi ya shigo, wani lokaci sai in faɗa cacar ƙwallo ta waya, ga bashi ya taru. Har na fara shakka ko kiran nan na gaske ne. Wani abokina ya ce don ban ba da kaina gaba ɗaya ba ne, in ajiye aikin gwamnati in tafi makarantar Littafi Mai Tsarki, a can zan canja. Matata ba ta yarda ba. Me zan yi?"

Ɗana, alheri da salama su tabbata gare ka da iyalinka. Na karanta saƙonka a tsanake, na ga tambayoyi uku ne ka ɗaure a ƙulli ɗaya. Kana so ka san ko muryar da ka ji ta Allah ce. Kana so ka san abin da ya sa giya ta fita rana ɗaya, fushi da caca kuwa suka yi zamansu. Kana kuma tambaya ko makarantar Littafi Mai Tsarki ce za ta ƙarasa aikin. Ta ƙarshen ba ta da wuyar amsa, saboda haka ga ta tun yanzu: kada ka ajiye aikinka bana. Ba raina aikin fasto na yi ba, shi na yi har furfura ta cika mini kai. Dalilina zai fito in mun bi ta kan biyun farko.

Na yi kiwon ikilisiya a ƙauye da gari, na koyar da masu shirin aikin bishara, na kuma sha zama a kwamitin da ke tantance masu neman shiga makaranta. Irin maganarka ba baƙuwa ba ce a kunnena. Yawancin masu zuwa mini da ita mutanen kirki ne, an dai nuna musu yadda za su fito gaba ranar Asabar da dare, ba wanda ya gaya musu abin da za su yi ranar Litinin da safe.

Kiran me ka amsa?

Mun saba a ikilisiyoyinmu da ɗaukar cewa duk wanda Allah ya kira, mumbari ya nufa. Saurayi ya fito gaba a taro, kafin a watse iyaye mata sun fara ce masa "Fasto". Littafi bai tsara abin haka ba. A Markus 3:14, da Yesu ya keɓe almajiransa sha biyu, abin da aka fara ambata shi ne su zauna tare da shi, aikawa wa'azi daga baya ta biyo. Wannan shi ne kiran farko, kuma na kowane mai bi ne: ya zo, ya bi Ubangiji, ya koyi halinsa. Kira zuwa aiki na musamman a kan wannan yake hawa, ga waɗansu, a lokacinsa.

Ka duba waɗanda suka amsa wa Yesu, ba hanya ɗaya aka nuna musu ba. Bitrus da Andarawas sun bar tarunansu, Matiyu ya tashi daga wurin karɓar haraji, gaskiya ne. Amma mutumin nan na ƙasar Garasinawa da ke kwana a makabarta, da ya warke ya roƙi Yesu ya bar shi ya bi shi, Yesu ya hana. Ya ce ya koma gida wurin danginsa ya faɗa musu abin da Ubangiji ya yi masa (Markus 5:18-20). Zakka na Yariko ba a ce ya bar gari ba. Abin da ya yi shi ne ya ba matalauta rabin dukiyarsa, ya ɗau alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Sojoji da masu karɓar haraji sun tambayi Yahaya Maibaftisma abin da za su yi, bai ce su tuɓe kaki ba. Ya ce masu haraji kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, sojoji kuma kada su yi ƙwace ko ƙazafi, su gamsu da albashinsu (Luka 3:12-14). Bulus ma ya shawarci Korantiyawa kowa ya zauna tare da Allah a matsayin da kira ya same shi (1 Korantiyawa 7:24).

Kai kira ya same ka da alli a hannu, kada ka ga ƙanƙantar wannan. Marigayi Byang Kato, ɗan Kwoi, wanda ya zama babban sakataren ikilisiyar ECWA a 1967, ya kuma riƙe ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska daga 1973 har rasuwarsa a 1975, yana ɗan shekara 12 ya ba da gaskiya, a cikin ajin makarantar mishan, ta bakin malamar da ke koya musu. Ban ce ka mai da darasin lissafi wa'azi ba. Makarantar gwamnati ce, iyaye Kirista da Musulmi amana suka ba ka, cin amana kuwa ba ya zama bishara. Amma malamin da ke shiga aji a kan lokaci, ba ya tura yara gonarsa da sunan aikin hannu, ba ya karɓar kuɗi ya ƙara maki, ya kuma san yaron da ke zuwa ba tare da ya karya kumallo ba, wannan yana cikin hidima kwana biyar a mako. Fasto awa biyu yake samun yaran nan ran Lahadi, in ma sun zo. Iyayenmu sun gane haka. Shirin Sabon Rai Don Kowa da ya bazu a Arewa a shekarun 1960, an kafa shi ne a kan cewa bishara aikin kowane mai bi ne. Manoma da maɗinka da matan aure ne suka riƙa haɗuwa ƙungiya-ƙungiya don addu'a, suna fita gida-gida.

To, kiran naka na gaske ne? Ba ni da idon ganin zuciya, kuma da saƙo ɗaya ba zan yanke hukunci ba. Hawaye kaɗai ba hujja ba ne. A taro mai zafi, ga ganga ga waƙa ga rashin barci, mutum yakan yi kuka don na kusa da shi yana yi. Sai dai abu biyu a saƙonka sun ba ni ƙarfin gwiwa. Shekara huɗu ba giya, a ƙasar da burkutu ba ya wuyar samu, ya wuce motsin rai na dare ɗaya. Na biyun ya fi nauyi: tsawar da kake yi wa matarka tana damunka. Maza nawa ne suke yin abin da ya fi haka, su kwanta su yi minshari, gobe su tashi gaban jama'a su karanta sanarwa? Damuwar da ke cinka ina ganin aikin Ruhu Mai Tsarki ne, gama shi ne mai faɗakarwa a kan zunubi (Yahaya 16:8). Don haka ka bar tuhumar ranar taro, ka dubi yadda kake amsawa tun daga ranar.

Abin da ya sa giya ta tafi, fushi ya zauna

Bahaushe ya ce hali zanen dutse. Da wannan karin magana ake sallamar mutum: haka ubansa yake, haka kakansa, a ƙyale shi. Akwai gaskiya a ciki, hali ba ya goguwa da ruwan hawaye. Amma alkawarin da ke Ezekiyel 36:26-27 shi ne Allah zai cire zuciyar dutsen ɗungum, ya sa ta nama a madadinta, ya kuma sa Ruhunsa a cikin mutum har ya bi ka'idodinsa. Mai bi ba shi da izinin cewa "haka Allah ya yi ni".

Sai dai ka rarrabe abu biyu da masu wa'azin taro sukan cakuɗa. Gafara da karɓuwa a gaban Allah nan take ne, ba a biyansu kashi-kashi. Ɗan fashin da ke kan gicciye a ranar ya same su. Canjin hali kuwa, wanda muke kira tsarkakewa, tafiya ce mai nisa. Bulus ya ce ana mai da mu kamannin Almasihu daga ɗaukaka zuwa ɗaukaka (2 Korantiyawa 3:18), wato mataki-mataki. A Filibiyawa 2:12-13 ya haɗa gefe biyu wuri ɗaya: ku himmantu ga aikin cetonku da tsoro da rawar jiki, domin Allah ne yake aiki a cikinku, shi ke ba da niyya da ikon aikatawa. Wanda ya riƙe rabin farko kaɗai zai gaji ya fid da rai. Wanda ya riƙe na biyu kaɗai zai naɗe hannu yana jiran wani taro ko wani wuri ya yi masa abin da ya kamata ya tashi ya yi. Shawarar abokinka, ko da yake da kyakkyawar niyya ya ba ta, cikin wannan ramin na biyu take tura ka.

Ka ɗauki Bitrus. An kira shi a bakin Tekun Galili, ya bi Yesu ƙafa da ƙafa, amma daren da aka kama Ubangiji shi ne ya zare takobi ya sare kunnen bawan babban firist, kafin zakara ya yi cara kuma ya yi musun saninsa sau uku. Za ka ce ai wannan kafin Fentikos ne, ranar da Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa almajirai. To, bayan Fentikos, a Antakiya, yana cin abinci tare da masu bi na Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, da waɗansu suka zo daga wurin Yakubu sai tsoron bakin mutane ya kama shi ya janye jiki, har Bulus ya tsauta masa a gaban kowa (Galatiyawa 2:11-14). Tsohon tsoron nan ne na farfajiyar babban firist ya sake ɗago kai. Shi kansa Bulus sun yi saɓani mai zafi da Barnaba a kan Markus har suka raba hanya (Ayyukan Manzanni 15:39), amma a wasiƙarsa ta biyu ga Timoti yana roƙo a zo masa da Markus ɗin domin yana da amfani a gare shi. Tsakanin maganganun nan biyu akwai shekara fiye da goma.

Dalilin da giya ta fi saurin fita a fili yake in ka lura. Giya tana da gida, tana da lokaci, tana da abokai. Ka sake hanyar komawa gida, ka daina zama a wancan benci, ka ci rabin yaƙin. Ga kuma idon jama'a, duk wanda ya ga ka fito gaba zai gan ka in ka leƙa gidan giya. Caca kuwa a aljihunka take, ba wari ba tangaɗi, kana iya yinta a cikin majami'a ana cikin ba da baiko. Fushi kuma a ɗaki yake, inda ba dattijon ikilisiya, kuma tun kana yaro ka koye shi, wataƙila a bakin wanda ya rene ka. Yana kuma biya maka bukata: ka daka tsawa, kowa ya yi tsit, maganar da ba ka so ta mutu. Abin da ke biya wa mutum bukata ba ya sakinsa don ya yi kuka a kansa sau ɗaya.

Ina kuma zaton cacar da fushin igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Ka gwada tuna ranakun da ka fi yin tsawa. Ba zan yi mamaki ba in sun faɗo mako guda ko biyu bayan shigowar albashi, lokacin da uwargida ta ce gari ya ƙare ko sabulu ya ƙare, kai kuwa ka san inda kuɗin ya shiga, ita ba ta sani ba. Tambayarta ta taɓa wurin da kake ɓoyewa, kunya ta taso, ka rufe ta da murya. In haka ne, addu'ar neman haƙuri ba za ta kai ga tushen ba muddin asirin yana nan. Ka tuna kuma gargaɗin Yesu a kan gidan da aka share aka bar shi ba kowa (Matiyu 12:43-45). Giya ta bar gurbi a maraicenka da aljihunka, ba ka zuba kome a ciki ba, caca ta sami wurin zama. Shi ya sa manzanni ba sa tsayawa a kan "daina". A Afisawa 4:28 an ce ɓarawo ya daina sata, ya yi aiki da hannunsa, har ya sami abin da zai ba mabukaci.

A wata ikilisiyar ƙauye da na yi aiki, wani mai sayar da hatsi ya fito gaba a taron farkawa. Ba a jima ba ya zo gidana da yamma, ya ce Allah ya kira shi aikin bishara, in rubuta masa takarda. Wani dattijon ikilisiya yana zaune tare da mu yana ɓare gyaɗa. Bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Mudunka nawa ne a rumfa?" Mutumin ya yi shiru. Kowa a kasuwar ya san biyu ne: mai faɗi na saye daga hannun manoma, da wanda aka bubbuge gindinsa ya shige ciki, na sayar wa mata. Dattijon ya ce, "Je ka yi kaka ɗaya da mudu ɗaya, ka dawo mu yi maganar takarda." Ya tashi ransa a ɓace, har ya ɗan ɗauke ƙafa daga sujada. Amma ya yi. Ribarsa ta ragu, ba ta kuma taɓa komawa yadda take ba. 'Yan'uwansa 'yan kasuwa suka laƙaba masa Waliyyi don ba'a. Sai ga mata sun fara aiko ƙananan yara sayen dawa wurinsa, abin da ba a yi wa mai awon da ba a yarda da shi ba. Bai taɓa zuwa makarantar Littafi Mai Tsarki ba, kaifin bakinsa kuma ya daɗe kafin ya yi laushi, matarsa ce shaida. Amma da aka zo buɗe ɗakin addu'a a wata unguwa ta hayin rafi, shi ikilisiya ta aika, mutanen wurin suka saurare shi domin sun san awonsa.

Abin da makaranta za ta ba ka, da wanda ba za ta ba ka ba

Muna da makarantu masu kyau: kwalejin tauhidi ta TCNN a Bukuru da aka buɗe a 1959, makarantun tauhidi na ECWA a Igbaja da Jos da Kagoro, ta ikilisiyar COCIN a Gindiri, ta ikilisiyar EYN a Kwarhi kusa da Mubi. A can za a koya maka fassarar Littafi, da tarihin ikilisiya, da shirya wa'azi, a manyan azuzuwa har da Helenanci da Ibrananci. Za ka zauna da malamai masu tsoron Allah, wannan ma riba ce. Amma ɗalibi da halinsa yake shiga ƙofa. Na ga mai fushi ya shiga, ya fito mai fushin da ya iya kafa hujja da aya. Wannan ya fi na da haɗari, domin yanzu in ya daka wa matarsa tsawa sai ya bi ta da Afisawa 5:22 mai cewa mata su yi biyayya ga mazansu, ya tsallake aya ta 25 mai cewa maza su ƙaunaci matansu.

Ka yi lissafin abin da za ka tarar. Albashi ya tsaya, ga kuɗin makaranta, ga bashin da ka tafi da shi. Ko dai ka kwashi iyali ku matsu a ɗan wuri, ko ka bar uwargida da yara uku da gona. In ka gama, yawanci ƙauye ake fara tura sabon ma'aikaci, inda albashi yakan makara, wani lokaci a cika maka da hatsi. A hannunka kuma za a riƙa ajiye kuɗin gini kafin ma'aji ya dawo daga gona. Mutumin da matsin kuɗi ke tura shi caca, wannan hanya sauƙi za ta kawo masa ko ƙarin jaraba?

Ka buɗe 1 Timoti 3:1-7. Bulus ya fara da cewa mai burin kula da ikilisiya kyakkyawan aiki yake so, saboda haka burinka ba laifi ba ne. Amma ka bi sharuɗɗan da yatsa. Kusan duka hali ne: mai kamun kai, ba mashayi ba, ba mafaɗaci ba, mai sanyin hali, ba mai son kuɗi ba, mai iya riƙon gidansa, wanda har waɗanda ba masu bi ba suna shaidarsa. Gwaninta ɗaya ce tak a ciki, iya koyarwa, ita ce kuwa sana'arka. Abin da makaranta ke ƙarawa kana da harsashinsa, abin da ya rage maka a gida ake koyonsa.

A kwamitin tantancewa, in mai nema yana da aure, nakan so in ji daga bakin matar ba a gaban mijin ba. Ba sai ta yi dogon bayani ba. Akwai wadda za ka tambaya, "'Yata, kin yarda da tafiyar nan?" ta ce "E, Baba," idonta a ƙasa tana murɗa bakin zanenta. Ka riga ka sami amsa. Kada ka ɗauki ƙin yardar matarka aikin Shaiɗan, kamar yadda waɗansu za su zuga ka. Ita ta san mutumin da ke shigowa gida da yamma. Wataƙila tsoron talauci ne. Wataƙila kuma cewa take a ranta, wanda bai iya yi mini magana da taushi ba, yaya zai yi kiwon jama'a? Ka tambaye ta, ka kuma yi shiru har ta gama.

Sama'ila ya ji murya sau uku, bai gane mai kiran ba sai da tsoho Eli ya fahimtar da shi. Bulus ya fara shaida nan da nan a Dimashƙu, amma tafiye-tafiyen bisharar da muka san shi da su sun jira shekaru: Arabiya, Urushalima bayan shekara uku, zaman Tarsus, sai Barnaba ya je ya ɗauko shi suka yi shekara guda suna koyarwa a Antakiya. Ko a nan ma ikilisiya Ruhu ya gaya wa ta keɓe su, ana cikin sujada da azumi, aka ɗora musu hannu aka sallame su (Ayyukan Manzanni 13:1-3). Kiran da mutum shi kaɗai ya ji, fastonsa bai gani ba, dattawa ba su gani ba, matarsa ba ta gani ba, ya dakata tukuna.

Akwai waɗanda Allah yakan ce su bar kome, ban musa ba, albarkacinsu muke ci. Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka Legas a Disamba 1893 da nufin kai bishara cikin ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran yankinmu a lokacin. A 1894 biyu suka rasu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya mai da shi gida, sai a 1902 aikin ya sami wurin zama a Patigi. Yau ma ma'aikatan EMS, ƙungiyar aika masu bishara ta ECWA, suna zaune da iyalansu a ƙauyukan da ba hanya ba asibiti. Irin wannan aiki nauyi yake ƙara wa mutum, wanda ya je neman magani a cikinsa shi da waɗanda aka ba shi kiwo duka za su sha wuya.

Inda za ka fara

Ka fara da abin da ka fi tsoro. Ka zaunar da uwargida bayan yara sun yi barci, ka gaya mata maganar cacar da yawan bashin, naira nawa, na wa da wa. Kada ka rage kome, domin in ragowar ta fito daga baya duk abin da ka gina zai rushe. Za ta ji zafi, tana da gaskiya, ka bar kare kanka a ranar. Daga nan ka goge manhajar a gabanta, ka rufe asusun, ka sa saƙon shigowar albashi ya riƙa zuwa wayarta, katin banki ya kwana a hannunta. In duk da haka yatsanka yana komawa, ka sauka zuwa ƙaramar waya mai madannai na 'yan watanni. Waɗansu za su ce namiji ba ya yin haka. Yesu cewa ya yi in hannunka na dama yana sa ka tuntuɓe ka yanke shi, waya kuwa ba ta kai hannu ba. Ku tsara biyan bashin wata-wata, ka je da ƙafarka wurin masu binka ka faɗa musu ranar da za su sa rai.

Ka nemi dattijo ɗaya a ikilisiyarku, mai riƙon asiri, wanda ba ya jin nauyinka, ka ba shi izinin tambayarka kowane mako ko ka yi caca, ko ka yi tsawa. Yakubu 5:16 ya ce mu riƙa bayyana wa juna zunubanmu, mu yi wa juna addu'a domin mu warke. Mutum ɗaya ya isa, ba sai ka baza maganar a dandalin WhatsApp na matasa ba.

Tunda a gaban yara kake tsawa, a gabansu za ka nemi gafara. A wurinka suke koyon yadda miji ke yi wa matarsa magana, kuma ba su taɓa jin ka ce "Mamansu, na yi laifi, ki yafe mini" ba. In ka ji ranka ya fara tafasa, ka fita ka zaga, amma ka dawo ku ƙarasa maganar kafin a kwanta, kamar yadda Afisawa 4:26 ya ce kada rana ta faɗi kuna cikin fushi. Fita ka dawo ka yi kwana uku ba magana, wannan ma wani irin duka ne.

Karatu da addu'a su zama gajeru amma kullum. Ka ɗauki Bisharar Markus, ɗan sashe kowace safiya, ka tashi da abu ɗaya da za ka aikata a ranar. Da dare minti goma da iyali, waƙa ɗaya, aya, addu'a, ka bar uwargida da yara su ma su yi. Kada kunya ta sa ka guje wa Jibin Ubangiji, sai fa in ikilisiya ce ta dakatar da kai. Ka roƙi fasto ƙaramin aikin da ba a tafa wa mai yinsa: ajin yara na ran Lahadi, gai da marasa lafiya, raka mai bishara ƙauye lokacin hutu. A nan kai da ikilisiya za ku ga ko akwai baiwar kiwo.

Abu biyu sun fi ƙarfin amsa ta rubutu. In fushin ya taɓa kai ka ga ɗaga hannu a kan matarka, kada ka jira kome, ka je wurin fastonka cikin makon nan, ka kuma yarda ita ma ta sami wadda za ta gaya wa. Na biyu, yankinku ya sha hare-hare, na kuma ga mutanen da zafin ransu ya fara ne bayan abin da idonsu ya gani. In ba ka samun barci, ko kana mafarkin abin da ya faru, ko ƙaramar ƙara tana firgita ka, ka ga likita ko mai ba da shawara da aka horar a wannan fanni. Haka ma in cacar ta ƙi sakinka bayan duk matakan nan. Zuwa asibiti ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Ni fasto ne, ba likita ba, na san inda aikina ya tsaya.

In ka yi shekara guda ko biyu a haka, bashi ya ragu ko ya ƙare, muryarka ta sauka a gida, nauyin aikin bishara kuma yana nan a zuciyarka bai gushe ba, to, ku tafi wurin fasto kai da uwargida, ku nemi dattawa su zauna a kan maganar. Ko a lokacin ma ba lalle sai ka ajiye aiki ba. Waɗansu makarantun tauhidi suna da shirin karatu na lokacin dogon hutu, wanda ya dace da malamin makaranta, akwai kuma darussan da ake yi daga gida ƙarƙashin kulawar ikilisiya. In kuwa aka ga karatun cikakken lokaci ne ya dace, ka fara zuwa ofishin ilimi na ƙaramar hukumarku, ka tambayi sharuɗɗan hutun ƙaro karatu da abin da zai sami fanshonka, kafin ka sa hannu a kowace takardar ajiye aiki.